Alwala Daban, Sabulu Daban



Ranar Lahadin da ta wuce bayan La'asar muna zaune a rumfar ƙofar masallaci aka kawo shinkafa da wake ta sadaka a babban faranti. Yaro ya ajiye mana roba ɗaya da ruwa. Muka riƙa tsoma hannu ɗaya bayan ɗaya, ni ne na ƙarshe, kafin robar ta iso gabana ruwan ya koma kalar shayi. Na ce wa yaron ya ɗauko buta ya zuba mini, in akwai sabulu ya haɗo da shi. Sai wani dattijonmu da nake ganin girmansa ƙwarai ya yi dariya ya ce, "Sakatare, mu da muke alwala sau biyar a rana wa zai koya mana wanke hannu? Bature ne bai san tsarki ba, shi ya sa yake ta surutun sabulu." Aka yi dariya, ni ma na yi, don ba a gardama da babba a gaban abinci. Amma maganar ta kwana a raina, ita ce ma dalilin darasin yau.

Kun san littafin asusun taimako na masallaci yana hannuna. Ba zan faɗi sirrin kowa ba, amma duk shekara da damina ta kankama, kwatoci suka cika suka tumbatsa cikin gidaje, masu zuwa neman taimakon kuɗin asibiti sai su ƙaru, kuma maganar kusan ɗaya ce: yaro na amai, yaro na zawo, an ce a sa masa ruwa. Mukan yi sallar gawar ƙananan yara a nan, a naɗe su a ɗan ƙyalle mutum ɗaya ya rungume. Iyayen yaran nan masallata ne, iyayensu mata ba sa wasa da alwala. Ashe ke nan akwai abin da ke wuce mu.

Kuma ba labarin wasu kawai nake bayarwa ba. Shekara biyu ke nan 'yata tana wata tara ta kama zawo. Uwarta ta ce haƙori ne. Na buga wa Hajiyarmu waya a gida, ita ma ta ce haƙori ne, kowane yaro da haka ya girma. Kwana biyu muna zaman jiran haƙori. A dare na uku idon yarinya ya faɗa, maɗigarta ta lotsa, tana kuka babu hawaye, ko nono ba ta iya ja. Muka kwashe ta a keke zuwa wani asibiti aka ɗaura mata ruwa. Da asuba nas ɗin da ke aiki, wata Bayarabiya, ta tambaye ni da turancin buroka: in an wanke wa yarinya kashi, ana wanke hannu da sabulu kafin a dama mata koko? Na ɗan ji haushi, na ce mata mu Musulmi ne, muna tsarki. Ta ce ita ma Musulma ce, yanzu ma ta idar da sallah, tambayar da ta yi ta sabulu ce. Wallahi ban sami amsa ba.

Ita ta fahimtar da ni zancen haƙori. Lokacin da haƙori ke fitowa shi ne lokacin da yaro ke fara rarrafe, dasashi na yi masa ƙaiƙayi, duk abin da ya tsinta sai baki, takalmi ne, murfin kwalba ne, hannun yayansa ne. Lokacin ne kuma ake fara ba shi abinci ban da nono. Haƙori bai kawo zawo ba, sun dai zo tare ne, muka ɗora wa haƙori laifi muka bar ɓarawon yana yawo a tsakar gida.

To mene ne ɓarawon? A yi mini afuwa zan faɗi abin da sunansa, tunda darasi ne. Yawancin cututtukan ciki hanyarsu ɗaya ce: daga kashi zuwa baki. Zawo, kwalara, taifod, tsutsar ciki, wani nau'in ciwon hanta mai sa shawara, har shan inna, duk ta nan suke bi. Ɗan abin da ido ba ya gani na bayan gida yana iya ɗauke da miliyoyin ƙwayoyin cuta. Wani lokaci ƙuda ke kai su, wani lokaci ruwan rijiyar da masai ya tsiyaya a ciki, amma babbar motar da ke yi musu jigila kullum ita ce hannu. Ku dubi irin gidajen da yawancinmu ke haya a nan Legas: ɗakuna a jere suna kallon juna, iyali da yawa, bayi ɗaya, buta ɗaya ko biyu. Kowa ya fito ya kama mariƙin ƙofar nan, ya kama hannun butar nan. Kai ka yi tsarkinka da kyau, amma wanda ya riga ka shiga fa?

Sannan ga wani kuskure da ya zauna mana, wai kashin jariri ba komai ba ne. Uwa ta cire famfas ko ta zubar da fo, ta ɗauraye hannu da ruwa, ta goge a zani, ta koma kan tukunya. Alhali yaron da ke zawo kashinsa cike yake da abin da ya kwantar da shi, daga nan ne yake tsallakawa kan ƙaninsa da 'ya'yan maƙwabta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa zawo na kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 400,000 duk shekara a duniya. A ƙasar nan, a 2021 kaɗai, an samu mutum sama da 100,000 da ake zaton kwalara ce ta kama su, sama da 3,000 suka rasu, kuma jihohinmu na gida, Bauchi da Kano da Jigawa da Zamfara, suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. A watan Yunin 2024 ta ɓulla a nan Legas, aka ambaci Legas Ailan da Eti-Osa da Ikorodu da Kosofe. Kasuwar Mile 12 da da yawanmu ke kwana a cikinta a Kosofe take.

Yanzu mu dawo kan maganar Baba. Akwai inda yake da gaskiya, ba zan ƙwace masa ba. Mu an koya mana wanke hannu tun muna riƙe da allo. Su kuwa Turawa, a shekarar 1847 ne wani likita ɗan ƙasar Hangare mai suna Semmelweis, yana aiki a babban asibitin birnin Biyana, ya lura cewa likitoci na tashi daga fiɗar gawa su wuce ɗakin haihuwa, mata kuma na ta mutuwa da zazzaɓi bayan sun haihu. Ya tilasta musu wanke hannu da ruwan kulorin, mace-macen suka sauko daga kusan 18 cikin ɗari zuwa kusan 2. Kun san me ya biyo baya? Da yawa daga cikin manyan likitocin zamanin suka ƙi yarda da shi. Ransu bai karɓi a ce hannun mutum mai daraja irinsu ne ke kashe mutane ba. Wannan ɓangaren labarin ne yake ba ni tsoro, don girman kan da ya hana su shi ne nake jiyowa a bakinmu in mun ce mu ai masu alwala ne.

Na je na sami Malam Liman da wannan magana don kada in yi kasassaɓa a abin da ba fagena ba. Ga abin da ya tuna mini, kuma duk wanda ya yi Ahalari ya sani. Ruwan alwala sharaɗinsa ya zama tsantsar ruwa, wanda launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su jirkita ba. Mai Ahalari ma ya ambaci sabulu da sunansa a cikin abubuwan da in suka jirkita ruwa ba a alwala da shi. Ke nan ita alwala tun asali ba a yi ta don ta yi aikin sabulu ba. Ibada ce, tana ɗauke hadasi, tana ba ka izinin tsayawa gaban Ubangijinka. Tana rage datti, babu shakka, amma mutum na iya kasancewa da cikakkiyar alwala, sallarsa ingantacciya, kuma ƙwayar taifod na kwance a ƙarƙashin farcensa. Babu karo tsakanin biyun.

Malam ya ƙara mini da abin da ban taɓa lura da shi ba. A hadisin Nana Maimuna da ke siffanta wankan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an ruwaito cewa bayan ya yi tsarki ya cuɗa hannunsa da ƙasa sannan ya wanke. Risala ma ta kawo goga hannu a ƙasa a babin tsarki. Wato tun can ba a bar hannun tsarki da ruwa zalla ba, an haɗa masa da abin da zai kankare shi. Mu yanzu bayinmu siminti ne da tayil, ƙasar ƙofar bayin ma ba abin taɓawa ba ce. Mun bar ƙasa, ba mu ɗauki sabulu ba, muka tsaya a tsakiya. Haka kuma hadisin Abu Huraira da ya hana wanda ya tashi daga barci tsoma hannu a mazubin ruwa sai ya wanke shi tukuna. A zuba a wanke a waje, sannan a taɓa ruwan jama'a. Ku auna wannan da robarmu ta ranar Lahadi, inda mutum na farko ne kaɗai ya wanke hannu, sauranmu rabon dattin juna muka yi.

Me sabulu ke yi wanda ruwa ba ya yi? 'Yan gwari sun fi ni sanin amsar. Ka wuni kana juya attaruhu, ka ɗauraye hannu da ruwa har sau uku, hannu ya yi fes a ido, sannan ka manta ka sosa ido. Ka ga aiki! Yajin yana nan maƙale a maiƙon fata, ruwa ya bi ta kansa ya wuce. Haka mai cin teba da miyar manja ya sani, ruwa zalla ba ya fitar da manja. To fatar mutum kullum da ɗan maiƙonta, a cikinsa datti da ƙwayoyin cuta ke laɓewa. Shi sabulu gefe ɗaya yana kama maiƙo, gefe ɗaya yana kama ruwa, in ka cuɗa sai ya ɓamɓaro su, ruwan ɗauraya ya tafi da su. Bambancin kawai shi ne attaruhu yana sanar da kai nan take, ita ƙwayar cuta sai bayan kwana ɗaya ko biyu, a jikin yaronka.

An gwada abin nan a unguwannin talakawa na birnin Karachi a Pakistan, Musulmi irinmu, masu alwala irinmu, masu cunkoso irin namu, aka buga sakamakon a 2005. Gidajen da aka ba sabulu aka riƙa bi ana tuna musu wanke hannu, zawon yaransu ya ragu da kusan rabi, ciwon huhu a 'yan ƙasa da shekara biyar shi ma ya ragu da kusan rabi. Abin da ya fi burge ni, sabulu na yau da kullum da wanda aka sa wa maganin kashe ƙwayoyin cuta aikinsu ɗaya ya fito. Don haka kada wani ya ce sai ya sayi mai tsada a kemis. Sabulun wanki ya isa, sabulun salo ya isa, gutsuren da ya rage a kwandon wanka ya isa.

Yadda ake yi ba wani abu ba ne. Ka jiƙa hannu, ka shafa sabulu, ka cuɗa ciki da baya, ka tsettsefe yatsu kamar yadda ka saba a alwala, kar ka manta babban yatsa da ƙarƙashin farce da wuyan hannu. Ka ɗauki kamar daƙiƙa 20, wato ka ƙirga ɗaya zuwa ashirin a natse, ba ƙirgen mai canji ba. Sai a zuba maka ruwa daga sama ya gangara ƙasa. Ka bar hannun ya sha iska, ya fi ka goge da tsumman nan na wurin mai abinci da kowa ya goga tun safe. Farce kuma a yanke, namu da na yara, dama shari'a ba ta yarda a bar shi ya wuce kwana arba'in ba, ni kuwa na ce ranar Juma'a ta ishe mu ma'auni.

Wani zai ce ai hagu ce ta tsarki, dama ce ta abinci, ba sa haɗuwa. Ladabi ne mai kyau, mu riƙe shi. Amma ku kalli mai shayi yana yanka burodi, da wane hannu yake riƙe shi? Uwa tana ɗaukar jariri, tana gyara nono ta sa masa a baki, tana ɓare lemo, da hannu nawa? Kai kanka da kake ƙirga kuɗi kana lasar yatsa fa? Hannuwan nan biyu tare suke wuni.

Lokutan da ba a sassauci a kansu: bayan fitowa daga bayi, bayan wanke wa yaro kashi ko zubar da fo, kafin a taɓa girki, kafin a ci, kafin a ba yaro abinci ko nono. Yara masu wayo kuma a tsaya a kansu har ya zama jiki, don yaro ba ya wankewa sai ya ga babba na yi.

A nan ina da magana da mu maza, don mun iya tura komai kan mata. Alhaji ya wuni a kasuwa, ya karɓi kuɗin da ya bi ta hannun mutum ɗari, ya yi musabaha da duk wanda ya gifta, ya shiga bayin kasuwa na biya, ya riƙe ƙarfen mota tun daga Ketu har gida. 'Yan'uwanmu na mayankar Oko-Oba sun wuni cikin jini da tumbi, masu kaji sun wuni cikin kashin kaji. Ana shiga gida yara su rugo, "Baba oyoyo!" Sai a ɗauki ƙaramin, a ɓare biskit a sa masa a baki, ya kama yatsan Baba yana tsotsa. Ƙauna ce, wallahi, ba wanda ya ce ba ita ba ce. Amma a ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa, minti ɗaya, sannan a rungumi kowa. Kuma sabulun nan kai za ka saya, kada ka bar kuɗin cefanen da ko miya bai isa ba sannan ka ce matarka ƙazama ce.

Na san zancen ruwa. A nan ba gida ba ne, jarka muke saye a wurin 'yan garuwa, su ma 'yan'uwanmu ne, kuma kullum kuɗinta hawa yake. Amma wanke hannu ba ya cin ruwa in an yi dabara. Ka sami gorar roba, ka huda murfinta da ƙusa, in ka matsa ruwa ya fito siriri, gora ɗaya sai ta ishi gida wuni. Wata gorar kuma ka zuba ɗan omo ka cika da ruwa ka girgiza, ka sami sabulun ruwa wanda ɓera ba ya ja, yaro ba ya jefawa a kwata. In babu komai sam, toka mai tsabta ta fi ruwa zalla, ga masu girki da gawayi.

Abin mamaki shi ne mun taɓa yin duk wannan. A watan Yulin 2014 da Ebola ta shigo Legas, kowane shago da bokitinsa, har musabaha aka rage. Wasunmu ma sun tashi tsakar dare sun yi wanka da ruwan gishiri saboda kiran waya daga gida, wasu suka sha har ya kwantar da su. A watan Oktoba aka ce ƙasa ta fita, muka watsar. A 2020 Korona ta zo, masallacin nan ya sayi bokiti mai famfo har biyu. Jiya na leƙa sito, ɗaya an tara tsofaffin carbi da wayoyin lasifika a ciki, ɗayan famfon ya karye. Ciwon da ke kama manya, ana faɗarsa a rediyo, shi muke tsoro. Wanda ke ɗaukar yaranmu ɗaya-ɗaya a ɗaki mun saba da shi har mun ba shi sunan haƙori.

Kada kuma a ce na ce sabulu maganin komai ne. Ba ya hana zazzaɓin cizon sauro, wannan aikin gidan sauro ne. In ruwan sha kansa gurɓatacce ne sai an tafasa. Akwai allurar rigakafi, kuma tun 2022 an sa ɗigon rigakafin rota, mai kare jarirai daga wani mugun zawo, cikin waɗanda ake bayarwa a asibitocin gwamnati, a kai su. In kuma zawo ya riga ya kama yaro, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS nan take, a haɗa shi yadda aka rubuta a jikin ledar, in ta lita ɗaya ce to fiya wata biyu ke nan. A ci gaba da ba shi nono, a nemi ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. Da an ga ido ya faɗa, ko ya kasa sha, ko jini a kashi, ko kashi kamar ruwan shinkafa, asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne. Kada a tsaya neman kuɗi, a buga mini, asusun don haka aka tara shi.

Kwamiti ya zauna ranar Talata, ga abin da aka tsayar. Za a gyara bokitan nan biyu, ɗaya a ƙofar bayin maza, ɗaya a ɓangaren mata. Duk suna ko walima ko sadaka da za a ci a harabar masallaci, an daina robar tsoma hannu, yaro biyu za su zaga, ɗaya da buta da sabulu, ɗaya da abin tarar ruwa. Malaman Islamiyya za su tsayar da yara su wanke hannu kafin tara, kuma malamar ajin matan aure za ta karanta wannan takarda ranar Asabar saboda waɗanda ba sa karatun boko. Wanda ya sami kwafi ya kai gida a karanta wa mutanen ɗaki.

Saura sabulun bayi, wanda duk lokacin da aka ajiye ba ya kai Magariba. An ce a sa shi a ragar buhun albasa a ɗaure da igiya a jikin ƙarfen taga. Kafin a kai takardar nan wurin bugawa na karanta wa Baba ita, don ban so ya ji maganarsa a bakin wani. Ya saurara har ƙarshe, ya ce hujjar Ahalari ta kama shi, sauran kuma sai ya yi tunani. Ya ce in sabulun nan ya kwana uku a wurin ba a yanke igiyar ba, shi zai sayi na wata mai zuwa gaba ɗaya. An rataye shi jiya Alhamis bayan Isha'i.